Hunturun da Na Toshe Ɗakin Kaji

Shekaranjiya ruwan kajina ya daskare, karo na farko a bana. Na fita da sassafe riƙe da butar ruwan ɗumi, na tarar kwanon ya zama dutse, kajin sun kewaye shi suna ƙwanƙwasa da baki, suna kallona kamar ni na yi musu wannan aika-aika. Ina cikin fasa ƙanƙarar da dunduniyar takalmi sai ga mijin Ummi, 'yata ta fari, ya zagayo bayan gida rungume da naɗin leda mai kauri da guduma. Yaron kirki ne, a ƙasar nan aka haife shi, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. A gida da ko ido ba za mu haɗa da shi ba, amma nan Amurka ce. Ya russuna ya gaishe ni, sannan ya nuna doguwar tagar da ke can saman ɗakin kajin, dab da rufi, ya ce da Turanci ya zo ya rufe mini ita kafin sanyi ya kashe mini kaji.

Na ce, "Ajiye gudumar nan, ɗana. Tagar nan ta girmi matarka."

Ya yi dariya, yana zaton wasa nake yi. Ni kuwa na tsaya da buta a hannu, don ya mayar da ni wani hunturu na tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da ni ma na tsaya a daidai wurin nan da leda da tsummoki, da cikina a gaba, ina ganin ba wanda ya kai ni sanin kaza.

Shekarata ta biyu ke nan a Amurka. Malam, maigidana, injiniya ne, yana aiki a Washington. Da farko a wani bene muka zauna a Silver Spring, hawa na shida, inda ba ka taka ƙasa sai ka shiga lif. Na rame, na zama mai saurin kuka. Da Malam ya ga abin ba na ƙare ba ne sai ya nemo mana wani tsohon gidan katako a gefen Upper Marlboro, gidan da muke ciki har yau. A lokacin duk nan gonakin taba ne da daji. Maƙwabcinmu ɗaya ne, wani dattijo baƙar fata mai suna Mista Wesli, wanda aka haifa a gonar da yake nomawa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun koma birni. Ranar da muka fara gaisawa ya ce in riƙa kiransa Wesli kawai. Na ce a raina Allah ya kiyaye in kira mai furfura da gatsal. Baba na sa masa, ya yi ta ƙi har ya gaji ya fara amsawa.

Abinci ne babban abin da ya dame ni a ƙasar nan, musamman kazar kanti. Fara fat, ba kai ba ƙafa, kafin ka gama jajjage ta narke a tukunya, in ka sa a baki kamar kana tauna jiƙaƙƙiyar auduga. Ga shi ba mu san wanda ya yanka ta ba. Kukar da na zo da ita ta ƙare, daddawa kuwa sai dai in buɗe gwangwanin in shaƙi warin in rufe. Da ciki ya shiga, kwaɗayi ya taso mini gadan-gadan, har mafarkin ƙashin kazar gida nake yi.

A zamanin nan da kaset muke gaisawa da gida. Inna ba ta karatun boko, waya kuma sai an je Kaduna. Sai ƙanina ya ajiye mata rakoda ta yi magana, a ba wani mai zuwa ya kawo, ni ma in mayar da amsa haka. Da na sanar da ita ina da juna biyu, cikin kwana-kwana irin na mai kunyar cikin fari, amsarta ta iso bayan wata guda. Ba za ta iya zuwa ba, mahaifinmu yana kwance, ita ke jinyarsa. Na ji muryarta ta ɗan karye, sannan ta gyara ta koma kan aiki.

"Rakiya, ruwan wanka dai ko'ina akwai wuta. Gero da kanwa da yaji zan aiko miki. Amma kaza ba ta shiga ambulan. Ki nemi kaji ki kiwata da hannunki tun yanzu. Mai jego ba ta cin naman da ya kwana a ƙanƙara, sanyi zai shige ki, kuma ba ya fita har tsufa. Kin ji ni ko?"

Na amsa wa rakoda, "Na ji, Inna." Ba za ta zo ta riƙe ni ba, ba za ta gasa mini jiki ba. Abin da ya rage mini na jegon gida shi ne kajin nan, in sun kai lokacin haihuwata, wato farkon watan Maris.

Malam ya samo 'yan tsaki a wata gona, mata goma sha biyu da namiji ɗaya. Akwai wata tsohuwar rumfar ajiye kayan aiki a bayan gida, ta katako, duk jikinta tsaga-tsaga, ita ya mayar ɗakin kaji. Mutumin da ke zana gadoji ya kwashe Asabar uku yana awo da igiya da fensir a kunne, amma ƙofar da ya kafa sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Ya samo wani dogon bututun ƙarfe ya gitta musu a ciki don su riƙa hawa su kwana, ya ce wannan ko jikokinsu ba za su karya shi ba.

Watannin nan na ji daɗinsu ƙwarai. In Malam ya fita aiki sai in kifa bokiti in zauna a bayan gida ina kallonsu. Ganyayen itatuwa suka yi ja suka zube, kajin suna tona su suna neman tsutsa. Nan na gane kowace da halinta da matsayinta. Akwai wata ja mai faɗin ƙirji da na sa wa Magajiya, ita ke fara cin abinci, ita ke fara shan ruwa, in ta ɗaga kai ta kalli wata, sai waccan ta tuna tana da uzuri a wani wuri. Akwai wata 'yar wake-wake da kowa ke tsattsaga, ita ce ta ƙarshe a komai, in an hau bututu da yamma can bakin bango take raɓewa ita kaɗai. Ita na sa wa Sai-haƙuri, nakan ɓoye mata tsaki a tafin hannu. Zakaran kuwa Ladan na kira shi, don a duk faɗin yankin nan ba mai kiran salla, shi ke tashe ni da asuba. In ya samu tsutsa ba ya ci, sai ya yi ta kiran matan yana ɗagawa yana ajiyewa. Nakan ce wa Malam ya zo ya ɗauki darasi.

Sai sanyi ya shigo. Na san sanyin gida, na san na shekarar farko da na yi a bene, amma can daga ɗaki mai hita sai mota. A nan na san shi ido da ido. Ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufa. Ƙasa ta yi tauri, ko fartanya ba ta kama ta. In na shanya zane a igiya sai in dawo in tarar ya sandare, ana iya jingine shi da bango. Nakan sa wandon Malam a ƙarƙashin zane, da rigunan sanyinsa biyu, da safa a hannu, in fito ina tafiya kamar buhun gyaɗa. Sau uku a yini nake kai musu ruwan ɗumi, don kafin azahar na safe ya daskare. Ƙwan da suka fara yi, in ban ɗauke da wuri ba, sai in tarar ya tsage.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba na buɗe musu ƙofa, Magajiya ta leƙo, ta miƙo ƙafa ɗaya, ta taɓa farin abin nan, ta janye, ta juya ta koma. Ba wadda ta fito yinin nan. Na yi dariya har na riƙe ciki, amma daga baya tsoro ya kama ni. In yanzu haka ne, ina ga an shiga tsakiyarsa?

Tun kafin nan na tambayi Inna a kaset yadda zan yi da su, amsarta ta iso tare da ƙullin gero da kanwa. Ta ce, "Kaza ba ta son iska. Ki toshe ko'ina, ko ƙofar allura kada ki bari. In da hali ki sa musu garwashi a kasko kafin magariba, ɗakin ya ɗauki ɗumi." Haka take yi a gida. Akurkinta na ƙasa ne, in sanyi ya yi sai ta rufe bakinsa da faifai ta danne da dutse, ta liƙe tsagogin da taɓo. Ban taɓa ganin sanyi ya kashe mata kaza ba, kuma ban taɓa tsallake maganarta ba tun da nake.

Yini biyu na yi ina aikin. Na yayyaga tsofaffin zannuwana na cusa a kowace tsaga da bakin wuƙa. Na bi da jaridun Malam. Na lulluɓe ɗakin da leda daga sama har ƙasa, na rataya bargo a bayan ƙofa. Garwashi ne Malam ya hana, ya ce ɗakin katako ne, ba zai dawo daga aiki ya tarar na gasa kaji goma sha uku da rumfarsu ba. Sai na yi dabara, har ina yaba wa kaina. Kullum kafin magariba sai in tafasa ruwa a babbar tukunya, in kai musu in ajiye a tsakiyar ɗakin, in kifa kwando a kai don kada su faɗa. Tururi ya cika ɗakin, in rufe ƙofa in dawo da raina fes.

Ba a yi kwana goma ba suka fara atishawa. Idanunsu na ruwa, sun daina ƙwai. In na buɗe ƙofa da safe wani wari mai yaji ke dukan hancina har hawaye su zubo. Bakin zankon Ladan, jan naman nan na kansa da yake taƙama da shi, ya yi fari, sannan ya koma baƙi. Na ce sanyi ne har yanzu yake samun hanyar shiga. Na ƙara tsumma, na ƙara leda, tukunya ta zama biyu. Na daka barkono na zuba musu a ruwan sha yadda Inna ke yi. Wata safiya na tarar da ɗaya a ƙasa ta sandare. Bayan kwana uku wata ta bi ta. Ladan ya daina cara, har na makara sallar asuba sau biyu.

Ina tsaye da gawar ta biyun a hannu ina share hawaye da bayan safa sai na ji muryar Baba Wesli daga bakin shinge. Ashe ya daɗe yana kallon aikina, kunya ce ta hana shi magana.

"'Yata, za ki bar ni in leƙa ɗakin nan?"

Ya tsallako a hankali da sandarsa. Da ya buɗe ƙofa sai ya ja da baya yana tari. Ya shiga, ya shafa bangon ciki, ya nuna mini tafin hannunsa sharkaf da ruwa. Ya nuna rufin, inda ƙanƙara ta yi fari kamar an watsa gishiri. Ya kalli tukwanena biyu, ya kalle ni, na ga yana ta kokawa da dariya.

"Ba sanyi ke kashe su ba," in ji shi. "Laima ce. Numfashinsu ruwa ne, kashinsu ruwa ne, ga ki kin ƙara musu da tukunya. Ba inda zai fita. Sai ya sauka a kan zankonsu, gari na wayewa ya daskare a wurin."

Na ce, "Baba, in na buɗe ai sanyi zai shiga."

"Ya shiga mana. Kawo hannunki."

Ya cafko Magajiya, ya cire mini safa, ya tura hannuna ƙarƙashin fiffikenta. Zafi na ji, zafi sosai, kamar na sa hannu a cikin tuwon da aka kwashe yanzu. Ya ce kowace da bargonta Allah ya halicce ta, abin da take nema kawai shi ne bargon ya zauna a bushe. Ya nuna mini rumfar tabarsa can tsallaken gona, mai dogayen katakai da ake buɗewa a jiki, ya ce shekara sittin yana shanya ganye, bai taɓa ganin abin da aka toshe ya bushe ba. Sannan ya ƙwanƙwasa bututun Malam da sanda ya girgiza kai. Ya ce ƙarfe yana shan sanyi, kuma in abu zagayayye ne dole kaza ta damƙe shi, yatsunta su kwana a waje.

Na ji maganarsa ta shiga, amma bakina ya ce, "Mahaifiyata ce ta ce in toshe."

Ya gyara zaman hularsa. "To, kajinki ne, 'yata. Ina gida in kin neme ni."

Da Malam ya dawo na ba shi labari, ya ce shi dai a matsayinsa na injiniya maganar tsohon tana kan hanya. Na ce injiniyan da ya shimfiɗa musu ƙarfe su kwana a kai? Haushi nake ji, kuma na san ba haushinsa ba ne. Duk abin da aka koya mini tun ina yarinya shi ne sanyi abokin gaba ne, a rufe, a toshe, a gasa. Jegon ma da nake tanadi dominsa gudun sanyi ne. Yanzu a ce in ɗauki zarto in buɗe masa ƙofa da hannuna, a kan maganar wani tsoho da Inna ba ta taɓa gani ba?

Washegari ta uku ta mutu. Rediyo kuma ya ce sanyin da ke tafe ƙarshen mako ya fi duk wanda aka gani a shekarar. Na buga wa Anti Rifkatu waya, wata nas 'yar Kafanchan da muka saba da ita tun zaman Silver Spring, wadda ta yi alkawarin za ta ɗauki hutu ta zo ta yi mini wankan jego. Na zayyana mata komai ina kuka.

Ta ce, "Rakiya, saura nawa?"

"Tara, Anti, da zakara."

"To ki ci gaba da dafa su da ransu, in na zo sai mu yi farfesun tsumma. Ke, Inna tana ganin sino ɗin nan ne, wannan dusar ƙanƙarar? Kaji ta ce ki kai jego, ba leda ba. Maza je ki kira tsohon nan."

Ni da kaina na fara zare tsummokin, kafin ma in je kiransa. Kowanne na zaro a jiƙe yake, wasu sun daskare sai da na sa wuƙa. Ina zarewa ina ba Inna haƙuri a zuciyata.

Ranar Asabar mu uku muka yi aikin. Baba Wesli ya zo da zarto da ragar waya da damin busasshen karan alkama a bayan tsohuwar motarsa. Ya lashi yatsa ya ɗaga ya nuna wa Malam inda iska ke fitowa, ya ce wancan bangon a bar shi a toshe, nan Inna ta yi daidai. A ɗaya bangon, can sama da kan kajin, ya sa Malam ya yanke doguwar taga, faɗinta kamar tafin hannu, aka rufe da raga saboda namun daji. Aka kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar ƙasa, aka zuba kara har ya kusa kai mini ƙwauri. Aka cire bututun, aka sa katako mai faɗi a kwance, yadda kaza za ta zauna a kan yatsunta ta rufe su da gashin ciki. Malam yana ta "Yes sa, yes sa," kamar ɗan koyo. Ni aikina riƙe kaji, Baba yana shafa musu basilin a zanko da babban yatsansa. Ya ce in daina kai ruwa ciki, in riƙa watsa musu tsakin masara dab da faɗuwar rana, su kwana da abin da cikinsu zai riƙa niƙawa. Ya watsa kara a kan dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa, sai ga Magajiya ta fito tana taku ɗai-ɗai, sauran suna biye.

Da magariba na rufe su, na ɗaga kai na ga sararin sama ta cikin tagar nan, gabana ya faɗi. Iskar da ta taso ranar har kukan katakon gidanmu ake ji.

Gari na wayewa na fita, ban ko tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba. Numfashin farko gashin hancina ya daskare. Dusar ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmina. Na ɗaga ƙofar Malam da gwiwa, na yi bisimilla, na leƙa. Ba wari. Na shafa bango, a bushe. Ga su jere a kan katako, sun kumbura gashi sun zama dunƙule-dunƙule, ba a ganin ƙafar ko ɗaya. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, tara da Ladan. Sai-haƙuri kuwa, da ta saba kwana a bakin bango, ta kutsa ta shige tsakanin Magajiya da Ladan, ba wanda ya ce mata kanzil. Na zauna a kan kara na yi kuka mai daɗi, har Malam ya biyo ni da bargo yana faɗa.

Atishawar ta ɗauke a hankali. Baƙin da ke bakin zankon Ladan ya bushe ya faɗi, zankon ya zama gundul, bai sake tsini ba har ya tsufa. Wata asuba na ji wata 'yar shaƙaƙƙiyar murya daga bayan gida, kamar ta mai mura. Na tashi Malam na ce ya saurara. Ya ce, "To, limamin ma ya tashi," ya je ya yi alwala.

Abu ɗaya ya rage yana cina. Sau uku ina kunna rakoda ina kashewa kafin na iya faɗa wa Inna. Na gaya mata komai, da tukwanen, da ukun da suka mutu, da tsohon da ya zo, da tagar da na yarda aka buɗe bayan ta ce in toshe. Na ce ta yafe mini. Wani ɗalibi mai komawa gida ya tafi da kaset ɗin.

Ummi ta zo a farkon Maris, sunan Inna aka sa mata. Anti Rifkatu ta tare a gidanmu da jakarta. Ba ganyen darbejiya, da tawul take gasa ni a bahon wanka, tana yi tana mita wai ita da ta yi karatun asibiti ga ta tana dafa mutum. Ta dama kunun kanwa da geron Inna. Duk bayan kwana biyar ko shida Malam ya zagaya bayan ɗakin kaji ya fuskanci alƙibla ya yanka ɗaya, Anti ta fige ta yi farfesu da yajin gida. Ranar farko da na tauna ƙashin cinya na ji ya yi ƙaras, na tsotse ɓargon, sai na ji kamar Inna na zaune a bakin gado. Mukan aika wa Baba Wesli da romo, ya sha yana tari yana share gumi, ya ce mutanen da ke cin wannan ba su da dalilin tsoron sanyi. Ƙundu kuwa, kamar yadda aka saba, na maigida ne. Anti takan tsamo shi ta ajiye wa Malam a gefe, shi kuma ya cinye abinsa ba tambaya.

Ana saura kwana huɗu in yi arba'in amsar Inna ta iso. Na kunna kaset ɗin, Malam da Anti suna zaune. Ta yi barka, ta yi addu'a, ta yi wa takwararta kirari. Na ji kukan akuyarmu a bayanta. Can sai ta fashe da dariya.

"Rakiya, ashe dafa su kika yi ta yi? Yo ni ina na taɓa ganin ƙanƙara na zubowa daga sama? Sanyin garinmu na sani, shi na faɗa miki. Naku kuwa ke za ki koya mini. Ba abin yafewa. Amma tambaya ɗaya zan yi. Ƙundun kajin nan wa ake ba? In ba a kai wa dattijon nan ba, ba a kyauta ba. Ki gaya wa Malam in ji ni, ya yi haƙuri da na wannan karon."

Anti Rifkatu ta juya ta kalli Malam. Malam, da ya riga ya cinye shida, ya kalli silin.

Ranar arba'in aka yanka ta bakwai. Magajiya da Sai-haƙuri da Ladan na bar su don iri. Na tsamo ƙundun da kaina na sa a ƙaramin kwano mai murfi. Ranar ce fitata ta farko, na goya Ummi, Malam ya ɗauki kwanon, muka bi gefen gona. Ƙanƙara ta narke, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta fara tsirowa. Muka tarar da Baba a bakin rumfar tabarsa. Malam ya miƙa masa da hannu biyu, ya yi masa bayani cewa a wurinmu wannan rabon babba ne a gida, kuma surukarsa ce ta aiko daga Najeriya ta ce a kawo masa.

Baba ya buɗe kwanon ya daɗe yana kallo. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"A gidanmu ma mahaifina ake ajiye wa," in ji shi. "Daga baya matata ta riƙa ajiye mini. Shekara tara ke nan ba wanda ya tuna."

A tsaye ya cinye shi, da yajin da komai, hawaye na bin fuskarsa, ya ce barkonon ne. Daga ranar har ya bar duniya, Malam bai ƙara cin ƙundu a gidan nan ba, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba.

An sake gina ɗakin kajin sau biyu tun daga lokacin, kowane karo da tagarsa a wurin nan. Gonar taba ta zama gidaje, yanzu har kwanon ruwa mai lantarki ake sayarwa, Ummi ta sayo mini ɗaya yana nan a kwalinsa. Shekaranjiya dai ban tsaya yi wa mijinta dogon bayani ba. Na cafko wata ja, jikar jikokin Magajiya, na ce ya cire safar hannunsa, na tura hannun ƙarƙashin fiffikenta. Ya zaro ido, ya ce da Hausa, "Kai, zafi!" Ya naɗe ledarsa ya mayar mota.